Ƙasar Mudassiru Ta Ruɓe

Tudun Marke, ta Bunkure
Farkon rani

Kai mai buɗe takardar nan, tsaya, kada ka yi saurin neman gaisuwa. Warware mini wannan tukuna: ƙwai ne, ba kaza ta saka shi ba, ba zabuwa ba. Rana ce take kwanci a kansa. In ya ƙyanƙyashe, mutum da matarsa da 'ya'yansa su shige ciki su kwanta. Mene ne? In ka kasa ka san doka, sai ka ba ni gari.

To, yanzu assalamu alaikum, Mudassiru, mijina na Ikko da ya gudu ya bar ni ko sallama babu. Kana lafiya? Ya Khaulat da nauyin jiki? Allah ya raba lafiya. Ni kalau nake, sai gwiwa da ke yi mini tsegumi in zan tashi, sai kuma kunnen nan da ya ajiye aiki. In an kanga mini waya ba abin da nake ji sai kukan sauro. Shi ya sa na ce da Bilya direba, tunda motarsa ce ke kai muku tumatirin Kadawa, ya riƙa sa takardata a aljihu. Bokon nawa na yaƙi da jahilci ne, in ka ga harafi ya karkace tsufa ne ya jingina da shi.

Bilya ya faɗa mini an sayar da gidan da kuke haya, wai za a rushe shi kafin damina. Kai ba ka faɗa ba, don kai namiji ne, gara ka kwana a ƙarƙashin gada da ka ce wa tsohuwa kana cikin damuwa. To na ji. Kuma tun ranar nake tunanin yarinyar nan da cikinta, a garin da ba uwa ba kaka.

Kangon kakanka, yayana Malam Dalhatu, yana nan a kan tudu bayan babban kanal. Rabonka ne tunda mahaifinka ya riga mu gidan gaskiya. Awaki ne ke sarauta a ciki. Ka zo ka gina ɗaki ka sa matarka ta haihu a inda aka binne cibiyar ubanka.

Na san abin da bakinka zai ce: ina na ga abin sayen siminti? Wa ya ce maka siminti? Kakanka da ƙasa ya gina rabin garin nan. Ɗakin da nake ciki shi ya ɗora shi, ni nake ɗebo masa ruwa ina yarinya, har yau bai ce uffan ba. In rana ta take, matan gidajen kwano nan suke tururuwa, wai gaisuwa suka zo. Gaisuwar da ba ta ƙarewa sai la'asar ta yi sanyi! Sada magini, wanda ya koyi sana'a a hannun kakanka, yana nan da ransa, gemu ya yi fari amma hannu bai manta ba. Na yi masa magana ya ce ko gobe.

Abu guda ne ba ya jira. Gab da damina ake rufe kanal a yashe shi. In za a kwaɓa ƙasa sai yanzu da ruwa ke wucewa ta gindin tudu. Kai dai ka ce to, sauran ka bar mini.

Ka gaida Khaulat. Ka ce na ce ta rage tsugunno.

Matarka ta fari,
Tambaya

*

Legas

Zuwa ga Kaka, tsohuwa mai ran ƙarfe,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso tana ƙanshin tumatir da man giya na motar Bilya. Muna lafiya. Khaulat tana gaishe ki, ƙafafunta sun ɗan kumbura amma asibiti sun ce ba komai. Ta karanta takardar ta fi sau uku, tana dariya tana share ido.

Gaskiya Bilya ya faɗa miki. An ba mu notis, har an fara cire kwanon ɗakunan baya. Na zaga neman wani wurin, abin ba ya taɓuwa.

Kaka, ba zan ɓoye miki ba, da na ji ginin ƙasa gabana ya faɗi. A Kumbotso na tashi, a gidan bulo, ban taɓa sa hannu a laka ba. Kullum damina muna gani a waya, katanga ta faɗa wa mutane suna barci. Ga abokai, na san har in mutu ba za su daina ce mini na je Legas na dawo da gara ba. Baffa Iliyasu ma ya kira ni, ya ce wani mai injin casar shinkafa yana son filin ya yi wurin shanya, in sayar in huta. Ya ce a zamanin nan ɗan gidanmu ba zai koma ginin ƙasa ba.

Amma Khaulat ta ce ita ko rumbu ne za ta shiga, in dai ba wanda zai buga mata ƙofa ya ce ta fita. Ni ma na gaji. Aikina tun asuba in buɗe kwando in ware mai kyau da ruɓaɓɓe. Kwando ɗaya in ya ruɓe ya ja na kusa da shi, sai ka ga mutum da gemunsa ya zauna a bakin kwata ya dafe kai. Na fi so in noma tumatirin da kaina a gida da in riƙa yi masa jana'iza a nan.

Don haka na ce to. Ku fara. In kakar tumatir ta ja baya zan taho in sa hannu.

Kacici-kacicinki kuwa ai ba wuya. Ƙwan fitila ne mai aiki da hasken rana. Ba kaza ta saka shi ba, rana ce ke ba shi wuta. Garina yana nan a hannuna, ba ki samu ba.

Jikanki,
Mudassiru

*

Tudun Marke

Mudassiru, sarkin wayo,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya kai da mai ɗakinka. Kumburin ƙafa ba komai ba ne, ta riƙa ɗora su a kan matashi. Ni gwiwa ta yi sauƙi, don ta samu abin yi.

Ƙwan fitila! Kai da wa kuka taɓa kwana a cikin ƙwan fitila? Allah ya sa ɗan da ke tafe ya ɗauko kan uwarsa. Sake lale.

Zancen katangar da ke faɗuwa, tsoronka yana kan hanya, ban raina shi ba. Amma ka tambaya a ina aka gina su. Nan ƙasar tamu tun da aka kawo kanal ta zama mai jiƙaƙƙen ciki. Wanda ya yi gini a kwari, damshi ke bi ta ƙasa ya ci gindin bango a hankali, ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi sai ya durƙusa. Naka a kan tudu yake. Duk da haka Sada ya ce sai an haƙa tushe an jera dutse, bangon ya yi kauri a ƙasa ya riƙa sirancewa yana hawa, a sa masa indararo mai tsawo da zai watsa ruwa nesa.

Mun fara. Matasan unguwa suka ce a ɗebi lakar gonar shinkafa tunda ga ta nan kusa. Sada ya hana. Baƙar lakar nan daɗin hannu gare ta, amma in ta bushe tsagewa take kamar dugadugina. Jar ƙasa aka haƙo daga tsohon kududdufin da kakanka ke ɗiba, mai ɗan tsakuwa-tsakuwa. Na yi gayya, na tuƙa tuwo da miyar kuɓewa, amalanke ya yi ta sawu har tsibi ya fi ni tsawo. Aka sassara karan shinkafa aka zuba, da kashin jaki, aka janyo ruwa daga kanal. Usaini, Bafulatanin da ke zaune bayan gari, ya kawo shanun huɗarsa suka yi ta zagaye a ciki suna tattakawa.

Ana cikin haka sai ga Baffanka Iliyasu da farar shadda, daga ɗaurin aure. Ya tsaya a bakin wurin ya ce, "Gwaggo, wannan abin kunya har ina? Mutane na wucewa suna nuna mu." Na ce, "Matso, ba na ji." Ya matso. Na ce, "Ƙara matsowa, kunnen hagu ne mai ɗan saura." Ya ƙara. Allah ya gani ban san santsi ya kai nan ba. Takalminsa ɗaya har yanzu yana cikin ƙasar gininka, na ce a bar shi, gudummawar dangi ce.

Daga nan aka tara ta wuri guda aka rufe da ciyawa, ana yayyafa mata ruwa, aka ƙyale ta.

To ga labarin da na ajiye maka a ƙarshe. Mudassiru, ƙasarka ta ruɓe. Ta ruɓe tun daga sama har gindi, ta yi baƙi-baƙi, wari har masallaci. Liman ya aiko a tambaya ko jaki ne ya mutu a kangon. Jiya Sada ya zo ya luma ƙafa ya zaro, ya daɗe yana kallon abin da ya manne masa, ya girgiza kai ya ce rabonsa da ganin ƙasa ta yi haka tun kakanka na da rai. Ni da na ji haka sai hawaye. Ba ni da abin cewa, sai ka zo ka gani da idonka.

Bilya yana ta danna mini ham a ƙofar gida, bari in tsaya nan.

Tambaya

*

Legas

Zuwa ga Kaka,

Assalamu alaikum. Ni ce Khaulat. Ina gaishe ki da girmamawa, ya ƙarfin jiki, ya gwiwa? Ni da sauƙi, alhamdu lillahi. Ki yi haƙuri da shirun da kika ji, Bilya ya zo ya koma har sau biyu ba amsa. Mudassiru ne ya kasa rubutawa. Wannan ma bai san na rubuta ba, a hannun matar maƙwabcinmu na ba da a kai wa Bilya.

Kaka, tun ranar da takardarki ta zo bai ƙara cin abincin kirki ba. Ya karanta ya ninke, ya ce shi ke nan, abin da yake gudu a kasuwa ya bi shi har gida. Ya ce ya sa tsohuwa ta tara mutane ta yi tuwo, ga shi duk wahalar ta tashi a banza, har kina kuka. Na ce ya kira gida ya ji. Ya kira Baffa ya ce, "Da gaske ƙasar ta ruɓe?" Baffa ya ce, "Ƙwarai, wari ko ta hanyar ba a bi." Ya ce, "To yanzu yaya?" Baffa ya ce, "Ni ai na faɗa maka abin yi tun farko."

Shi ne ya ce wa Baffa ya yi magana da mai injin shinkafar. Sun sa ranar kasuwar Bunkure ta sama, mutumin zai zo da shaidu a auna fili. Ni zai kai ni wurin innata a Kumbotso in haihu, shi kuma ya wuce Fatakwal, wai akwai aikin sauke kaya a can. Bai san ranar dawowa ba.

Kaka, ni ban san gini ba. Amma na ce a raina, in wannan ƙasar ta lalace, ba a iya haƙo wata? Ko lokaci ya ƙure ne, an rufe kanal? Na riga na gama zama a ɗakin nan a zuciyata. Har na zaɓi inda zan sa gado, da taga tana kallon gonaki. In ya sayar, ba mu da wurin da za mu ce namu, kuma yaron nan zai buɗe ido ubansa yana wata uwa duniya.

Ki yafe mini in na yi azarɓaɓi.

'Yarki,
Khaulat

*

Tudun Marke

Ku biyun nan, Mudassiru da Khaulat,

Gaisuwa a taƙaice yau, don dariya da haushi sun haɗe mini. Ina lafiya. Ke 'yar albarka, Allah ya yi miki yadda kika yi mini, ba ki yi azarɓaɓi ba, ke kaɗai ce mai hankali a gidan.

Kai kuma, buɗe kunnenka da ya fi nawa lafiya. Ƙasa ba tumatir ba ce! Daddawar da kake sha a miya, ba sai kalwa ta ruɓe take zama daddawa ba? Ƙasar gini haka take. Ɗanya ba ta kama juna, in ka gina da ita sai ta yi ta marmashewa. Sai an bar ta ta kwanta da kara da kashin jaki, karan ya saki jikinsa, ta yi danƙo, ta yi wari, sannan magini ke murna. Ruɓewar nan ita muke ta roƙon Allah tun da aka tara ta. Girgiza kan da Sada ya yi na daɗi ne. Hawayen da na yi kuwa, yayana na tuna, don rabon da in ji warin nan a kangonsa tun yana raye. Albishir na yi maka, ɗan nema, kai kuma ka shimfiɗa tabarmar makoki.

Ni ma da nawa. Na ɗauka duk wanda ya sha nonon gidanmu ya san wannan, na manta a kan siminti ka yi rarrafe. Da Bilya bai dame ni da ham ba da na ƙara layi ɗaya.

Na aika aka kira Iliyasu. Na ce, "Kai da ka girma kana taka wa ubanka ƙasa, ba ka san abin da ruɓewa take nufi ba?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Gwaggo, tambayata ya yi ko tana wari, na ce tana yi. Ƙarya na yi?" Na ce ya kira ka ya warware. Ya ce shi ya riga ya ba mutum baki, ba zai zama ƙaramin mutum ba, sai in mai fili ne ya janye da kansa. Ba mugu ba ne, so yake a ce ɗan ɗan'uwansa ya yi gidan bulo ko da a mafarki ne.

Kanal bai rufe ba tukuna, amma an fara sanarwa. Ƙasa ta nuna, in aka bar ta ta wuce lokaci sai an sake jiƙa ta, ruwan kuma ba zai jira ba. Ka kira Baffanka ranar da takardar nan ta same ka, ka ce ka fasa. Kasuwar Bunkure ta kusa. Na ja kunnen Bilya na ce ko tayar mota ce ta fashe ya ɗauki takardar ya ƙarasa da ƙafa.

Fatakwal! Ka je ka bar mini mata biyu, tsohuwa da mai ciki? Ka gwada.

Tambaya

*

Legas

Kaka, ranki ya daɗe, na tuba,

Muna lafiya, Khaulat tana cin abinci, ni ma na dawo ci. Takardarki ta iso jiya, bayan komai ya wuce. Ashe bakinki ne ya kama Bilya, ba taya ba ce, injin ne ya tsaya musu a daji bayan Jebba, suka yi kwanaki suna jiran makaniki. Na karanta duk da haka, na sha zagina cikakke.

Tunda ba ki ji abin da ya faru ta ɓangarena ba, bari in ba ki. Ranar kasuwar Bunkure ina tsakiyar rumfa, kaina ɗauke da kwando, sai ga kiran Baffa. Na san maganar awo ce, na sa a sifika don hannuna ba sarari. Sai na ji Baffa daga nesa yana cewa, "Gwaggo, ki sauko mana, mutane na kallo, ki ba ni wayata." Daga baya ya faɗa mini wai tun safe kika hau kan tsibin ƙasar da tabarmarki da butarki, kika ce fili na Mudassiru ne amma tsibi naki ne, mai saye ya saya har da ke. Da ya fito da waya zai kira ni in sa baki, kika ce ya matso ba kya gani, kika warce wayar. Kaka, sau biyu kina kama mutum da tarko ɗaya!

Sai muryarki ta fashe a rumfa kamar lasifikar masallacin Juma'a.

"Mudassiru! Ni ba na jin ka, amma kai kana ji na, don haka yi shiru!"

Na ce, "Kaka, ina wuni?"

Kika ce, "Kada ka yi mini musu! Ƙasa ba tumatir ba ce! Ruɓewarta ita ce nunarta!"

Duk rumfa ta juyo. Wani dattijo ɗan Kura mai sayar da albasa ya ce, "Yaro, wai ƙasar gini ce ta ruɓe kake zaman makoki?" Ya yi dariya har ya zame daga kan buhunsa. Ni kuwa kwandon kaina ban san lokacin da na sauke shi ba. Na ce, "Kaka, na gane, na fasa sayarwa."

Kika ce, "Ko ka roƙe ni ba zan sauko ba!"

Na ce, "Na ce na fasa!"

Kika ce, "Fatakwal ɗin gidanku!"

Mutane suka taru suna taya ni ihu, "Ya fasa! Hajiya, ya fasa!" Ke kuma kina ta ba ni tarihin kakana. Sai da Baffa ya samu ya karɓi wayar, yana haki. Na ce masa ya ba mai injin haƙuri, ni mai fili na janye da bakina. Sai ya ce, "To. Amma in za ka yi, ka yi shi da kyau, kada ka ba mu kunya. Azara tana wuyana, akwai giginyata biyu a gona." Ban san lokacin da na ce Allah ya saka da alheri ba.

Yanzu a kasuwa ba mai kira na Mudassiru, sai Ruɓaɓɓiya. Na gode.

Mun ɗaure kaya. Zan sauke Khaulat a Kumbotso wurin innarta ta huta, ni in ƙaraso. Ki ce wa Baba Sada ya ajiye mini wurin takawa. Kacici-kacicin kuma ki ƙara mini lokaci, kwakwa ce?

Mijinki mai laifi,
Mudassiru

*

Tudun Marke
Gab da damina

Khaulat 'yar albarka,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya mutanen Kumbotso? Ki gaida innarki, ki ce na gode da riƙon amana. Ni lafiya, sai dai muryata da ta dishe, don tun da mijinki ya zo nake ba da umarni.

Na san yana zuwa miki duk Juma'a yana ba ki labari, amma na san irin labarin maza, duk inda ya faɗi zai tsallake. Ranar farko ya shiga ƙasa da wandon Ikko, ya toshe hanci, taku uku ya zauna daɓas. Sada ya ce, "Madalla, ta karɓe ka." Da aka zo curawa, nasa na farko ya fito kamar ƙosai, na biyu kamar kan kare. Sada bai yi masa faɗa ba, ya kama hannunsa ya nuna masa yadda ake mulmulawa a ƙasa, gindi da faɗi, kai da ɗan tsini. Kafin sati ya zagayo ba ka bambance nasa da na Sada. Jinin Dalhatu ne, hanci kawai Ikko ta ɓata masa. Muka shanya su a rana suka cika fili. Ranar da aka rufe kanal mun riga mun cika duk randa da duro na unguwa, da su aka ƙarasa.

Ba a ɗora bango rana ɗaya. A jera sahu, tsini yana kallon sama, a cike tsakani da ƙasa, a bar shi ya sha iska, sannan a ƙara. Mijinki ya so ya yi gaggawa, kullum idonsa a gabas, ni kuma na zauna masa a gindi da sandata. Iliyasu ya kawo azararsa kamar yadda ya ce, ya tsaya ya ga ba a jera ta yadda yake so ba, ya tuɓe riga ya hau. Yanzu shi ke gaya wa masu wucewa, "Ginin gidanmu ne, haka ubanmu ke yi."

Shekaranjiya aka rufe sama, aka sa indararo. Jiya da rana hadari ya haɗu, aka yi yayyafi na farko. Mudassiru ya shiga ɗakin ya tsaya a tsakiya, ya ɗaga kai yana jiran ɗigo. Har aka ɗauke bai ga ko ɗaya ba. Ya fito ya je ya dafa bango ya daɗe. Na yi kamar ban gani ba.

Kada in cika ki da daɗin baki, ɗaki ɗaya ne tukuna, da ɗan kewaye da wurin girki. Zaure sai rani mai zuwa in Allah ya kai mu. Kuma ginin ƙasa ɗan lele ne, duk shekara sai an duba shi an yi masa yaɓe. An jiƙa makuba, ɓawon ɗorawa, gobe za a shafe bayan bangon don ruwa ya riƙa zamewa. Tagarki tana nan inda kika so, tana kallon gonaki. Saura daɓe, shi kuma aikin mata ne, na gayyaci unguwa ranar Asabar. Ke ba za ki riƙe madaɓi ba da wannan ciki, amma ba a daɓe ɗaki mai shi ba ta nan. Ki zo ki zauna a inuwa ki nuna inda gado zai tsaya. In ƙasa ta bushe ki shiga abinki. Ba mai buga miki ƙofa sai ni, ni kuwa ko kin ce in fita ba ji zan yi ba.

Mijin naki dai ya kasa warware kacici-kacicin. Ya ce kwakwa, ya ce ƙwarya, har ya ce jirgin sama. Yana tsaye a tsakiyar shanya, abin ya kewaye shi ta ko'ina, ɗaya ma yana hannunsa, yana sosa ƙeya da ɗayan. Jiya ya ce ya ba ni gari. Na ce wanne? Ya ce Ikko. Na ce riƙe kayanka, me zan yi da garin da ake rushe wa mai ciki ɗaki. Ya ce Kano. Na ce ta yi mini hayaniya. Ya ce, "To na ba ki Tudun Marke, da ni da Khaulat da abin da za ta haifa a ciki." Na ce wannan na karɓa. Amma na ce ba shi zan fara faɗa wa ba, ke ce kika yi tambayar da ta tsayar da gidan nan, ke za ki fara ji, in kin ga dama ki sayar masa.

Tubali ne. Hannu ke saka shi, rana ta busar da shi, a jera shi ya zama ɗaki.